Madubin Hange ko Saitin Huda: Yadda Wani Maharbi a Legas Ya Dawo da Saitin Bindigarsa Mai Liba

Mutumin da bindigarsa

Baffana ne, ƙanin mahaifina, ba zan kama sunansa ba. Dillalin shanu ne a Oko-Oba, haifaffen Agege, shekarunsa 56 lokacin da wannan abu ya fara. Yana da gonar rogo ta wajen Epe, idan ka bi hanyar Ikorodu ka wuce Itoikin. Da rani yakan je ya yi kwana biyu ko uku, ya duba gona, ya fita farauta bayan sallar asuba tare da wani dattijon maharbi Bayarabe da suke maƙwabtaka. Ni nake tuƙa shi, ni kuma nake riƙe littafi, shi ya sa awon da za ku gani a nan yake hannuna.

Bindigar Winchester ce, samfurin 1894, ƙirar shekarun 1970, mai cin harsashin .30-30, da lasisinta da sunansa kamar yadda Dokar Bindigogi ta 1959 ta buƙata. Irin wadda ake ce wa mai liba ce: akwai mariƙin ƙarfe a ƙarƙashinta, ka danna shi ƙasa kwanson harsashin da aka harba ya fita, ka dawo da shi sabon harsashi ya hau. John Browning ne ya tsara ta a Amurka, harsashinta kuma ya fito a 1895. Tsawon bakinta inci 20, nauyinta kusan kilo 3. Harsasanta a jere suke kwanciya cikin wani bututu a ƙarƙashin baki, hancin wannan a gindin wancan, don haka masu dakusasshen kai ake zuba mata. Irin wannan harsashi ba ya jimirin nisa. Idan an saita shi a mita 100, kafin ya kai mita 200 ya sauka fiye da santimita 20.

Saitin da ta zo da shi na ƙarfe ne: tsaga a baya a kan baki, ƙwaya a gaba kusa da hanci. Da shi Baffa ya yi shekara sama da ashirin yana harbi.

Disamba 2022 zuwa Janairu 2023: mazon da ya tsere

Wata safiyar hunturu, hazo bai gama tashi ba, wani mazo ya fito bakin rogo. Baffa ya yi bismilla ya harba. Mazon ya yi tsalle ya faɗa kurmi. Muka sami jini a ganye, muka bi sawu har rana ta take, daga baya jinin ya ɗauke. Ba mu same shi ba.

A mota bai ce uffan ba sai da muka kusa Ikorodu.

"Ɗana, ban ga tsagar nan ba. Ƙwayar ma biyu na gan ta. Na harba ne da sabo."

"To Baffa, ko hazo ne?"

"Ba hazo ba ne. Na raunata dabbar Allah ta je ta mutu a banza. Ba zan ƙara ɗaga mata baki a kan mai rai ba sai na san abin da ke faruwa."

A watan Janairu muka yi gwajin farko a wani tsohon rami da aka haƙi jar ƙasa, mai bango ya fi tsayin mutum biyu, domin harsashi ya sami inda zai tsaya. Muka kafa kwali a mita 50, muka ɗora bindiga a kan buhun yashi. Harbi 5. Tsakanin rami mafi nisa da ɗan'uwansa santimita 23. Harsasai 58 yake da su kafin gwajin, suka koma 53, kuma ba abu ne da ake shiga kasuwa a ƙaro ba. Wannan lissafi shi ya riƙa bin mu har ƙarshe.

Fabrairu 2023: madubin da ba shi da wurin zama

Shawarar da kowa ya ba shi ɗaya ce: ya sa madubin hange. Wani yaron kasuwa ya nemo masa ɗaya a intanet, marar sunan kamfani, an rubuta 3-9x40 a jikinsa. Ma'anarsa yana kusanto da abu daga ninki 3 zuwa ninki 9, gilashinsa na gaba kuma faɗinsa milimita 40. Ya zo da zobba biyu na ɗaurewa.

Da muka ɗora shi a kan bindigar sai muka ga babu inda zai zauna. Na tabbatar babu harsashi a ciki, na sa kwanson da aka riga aka harba, na danna liba. Saman bindigar ya buɗe, kwanson ya yi sama sak ya faɗo a kafaɗata. Tsohuwar 1894 ta sama take tofar da kwanso, daidai inda madubi zai kwanta. Sai a 1982 kamfanin ya fito da wadda ke jefa shi ta gefe a karkace domin a iya ɗora madubi a tsakiya. Marlin 336, wata bindiga mai liba ta wani kamfani daban wadda ake ƙerawa tun 1948, ita tun asali ta gefe take fitarwa, samanta a rufe, shi ya sa ake yawan ganin ta da madubi. Ta Baffa ba ta cikin waɗannan.

Wani ya ce a kai wa mai walda a Agege ya liƙa ƙarfe a sama. Baffa ya ƙi. Doka ba ta bar gyaran bindiga ga kowa ba sai mai izini, kuma zafin walda yana iya lalata ƙwarin ƙarfen da ke riƙe ƙarfin harbi santimita kaɗan daga fuskar mutum. Muka nemi wani dattijo mai izinin gyara. Ya juya bindigar ya nuna mana ƙananan notuna biyu a gefenta na hagu, waɗanda Baffa ya yi shekaru yana gogewa bai san amfaninsu ba.

"Alhaji, waɗannan ramukan daga kamfani suke. An yi su ne don saitin huda, wanda ake leƙawa ta cikin ƙaramin rami. Akwai kuma mazaunin madubi na gefe da ke kamawa a nan. Wanne kake so?"

Baffa ya riga ya biya kuɗin madubi. Ya ce na gefe.

Afrilu zuwa Yuni 2023: madubi a gefe

Mazaunin ya iso a Afrilu. Da aka ɗaura, madubin ya zauna kusan santimita 3 hagu da layin baki. Duk da haka kwanso na farko da ya fita sai da ya daki maɓallin da ke gefen dama na madubin ya dawo ciki. Dabarar da aka saba yi ita ce a murɗa madubin kwata guda zuwa hagu, maɓallin dama ya koma sama, na sama ya koma hagu. Haka aka yi, kwanso ya sami hanya.

Sai dai ranar saiti mun manta da abin da wannan murɗawa ta haifar. Maɓallin da aka rubuta wa sama da ƙasa ya zama na dama da hagu, ɗayan ma ya sauya aiki. Harbi ya yi ƙasa, na murɗa don ya hau, sai ya tafi gefe. Na sake murɗawa, ya ƙara nisa. Kowane ƙas ɗaya na murɗa maɓallin irin wannan madubi kusan milimita 7 ne a mita 100, rabin haka a mita 50, ni kuwa ina ta ƙirga ƙas ashirin-ashirin ta hanyar da ba ita ba. Ga shi wannan bindiga ba a iya leƙa cikin bakinta ta baya cikin sauƙi a daidaita kafin harbi, sai an kwance ta. Ya kamata mu fara a mita 25 da babban kwali, mu kuwa a 50 muka fara, harbi uku na farko ko kwalin ba su taɓa ba. Harsashi 16 muka ƙona ran nan. Saura 37.

A ƙarshe harbi 3 suka taru cikin santimita 6. A kan buhun yashi, wannan ya fi komai da muka gani.

Da ya tashi tsaye sai wani abu ya bayyana. Ƙotar bindigar an sassaƙa ta ne don kunci ya kwanta ido ya faɗa kan saitin ƙarfe, ƙasa-ƙasa. Yanzu sai ya ɗaga kai ya karkata hagu, haɓarsa kawai ke taɓa katako. Duk ɗagawa sai ya yi ta neman hoton, baƙi yana rufe gefe yana buɗewa. Na sa agogon waya, bindiga ba harsashi, daga ɗagawa zuwa lokacin da zai ce "na gani": daƙiƙa 5 zuwa 6. Nauyi ma ya ƙaru da kusan rabin kilo, duk a gefe guda, kuma wurin da yake riƙe ta da hannu ɗaya idan yana tafiya ya toshe.

A farkon Mayu gada ta gifta a kusan mita 35. Madubin yana kan ninki 9 tun ranar saiti. A wannan ninki abin da ido ke gani a mita 100 faɗinsa bai kai mita 5 ba, a mita 35 kuwa kusan mita ɗaya da rabi ne. Ganye kawai ya gani, manya-manya. Bai harba ba.

Damina ta kankama. Duk sanda muka fito daga mota mai sanyi gilashin sai ya yi gumi ta waje, wannan ana gogewa. A tsakiyar Yuni sai gumin ya bayyana ta ciki, inda hannu ba ya kaiwa. Madubi nagari ana cire masa iska mai laima a cika shi da naitirojin a toshe. Wannan ko dai ba a yi masa ba, ko toshiyar ta buɗe. Muka koma ramin jar ƙasa: harbi 4, sun koma santimita 19 ƙasa da dama. Mai gyara ya duba notuna, ya wanke mai daga zarensu, ya sake ɗaurewa. Harbi 4 kuma, kowanne da inda ya nufa. Ya girgiza madubin kusa da kunne, wani abu yana ƙara a ciki. Shurin bindigar ya kwance kayan cikinsa. Saura harsashi 29.

Agusta 2023: tef da likitan ido

Lokacin da ruwa ya ɗan tsagaita a Agusta ba mu harba ko ɗaya ba. Abu biyu muka yi.

Na farko shawarar dattijon Bayarabe ce. Ya ce Baffa ya nuna masa duk inda ya taɓa tsayawa ya yi harbi a wannan daji, da inda dabbar ta tsaya. Suka tuna wurare 11. Na bi da tef na auna. Mafi kusa mita 22, mafi nisa mita 71, takwas daga ciki tsakanin 30 da 55. Baffa ya sha mamaki, don wanda ya fi nisan ya daɗe yana ba da labarinsa a kan ya haura mita 100. Kurmin wajen Epe ba dajin Arewa ba ne da za ka hango barewa a can ƙarshen fili. Nan rogo ne da kwakwar manja da sarƙaƙiya, dabba ta fito ta ɓace cikin numfashi uku.

Na biyu, na kai shi asibitin ido. Likita ta ce ganinsa na nesa lafiya lau, sai ɗan karkacewa kaɗan a idon dama. Na kusa ne ya tafi, abin da ke samun kusan kowa daga shekara arba'in da wani abu, lokacin da ƙwayar ido ta daina lanƙwasuwa ta kama abin da ke kusa. Ta rubuta masa gilashin karatu. Da ya yi mata bayanin saiti sai ta ce ido ba ya iya tsayawa a nisa uku lokaci guda, wato tsaga da ƙwayar gaba da dabba. Na yaro yana tsalle tsakaninsu da sauri har mutum bai lura ba, na dattijo kuwa ya daina tsallen. Tsagar baya ita ta fi kusa, ita ce ta fara ɓacewa. Gilashin karatu zai dawo da tsagar amma ya dusashe dabbar.

A wannan watan mai gyara ya nuna mana wasu hanyoyi biyu. Akwai ƙaramin gilashi mai jan ɗigo da ke aiki da batiri, ba ya kusanto da komai, inda ɗigon ya sauka nan harsashi zai je. Baffa ya leƙa ya ce shi ba ɗigo yake gani ba, wani abu ne mai jela kamar waƙafi. Ni na leƙa na ga ɗigo zagayayye. Karkacewar idon nan ce. Akwai kuma madubin da ake ɗorawa can gaba a kan baki, gaban inda kwanso ke fita, wanda ake leƙawa daga nisan kusan santimita 25 ko fiye, ba kamar na yau da kullum da ke son santimita 8 zuwa 10 ba. Wannan zai kauce wa kwanso ya kuma zauna a tsakiya. Amma sai an yi odarsa daga waje tare da mazauninsa, kuma gilashi ne da zai sake haɗuwa da laimar Legas. Baffa ya ce a fara gwada abin da aka yi ramukan nan biyu dominsa.

Oktoba zuwa Nuwamba 2023: saitin huda

Saitin huda ɗan ƙarfe ne da bai kai akwatin ashana nauyi ba. Yana kamawa a gefen hagu, hannunsa ya miƙo ta bayan inda kwanso ke fita, ɗauke da ƙaramar huda daidai tsakiya, kusa da ido. Kamfanonin Lyman da Williams na Amurka sun daɗe suna yin irinsa don wannan bindiga. Mai gyara ya cire mazaunin madubi, ya ɗaura saitin huda a ramukan nan biyu ba tare da huda ko walda ba, ya fitar da tsohuwar tsaga don kada ta tare hanya, ya toshe gurbinta.

Ya ce da Baffa: "Alhaji, kada ka kalli hudar. Leƙa ta cikinta kamar yadda kake leƙa taga. Ƙwayar gaba kawai za ka kalla, ka ɗora ta inda kake so."

Wannan karon a mita 25 muka fara. Harbi 3, duk a kwali, sun yi sama. A mita 50, harbi 3, sun taru amma santimita 14 sama da wurin, alhali hudar tana can ƙasa iyakar saukarta. Ƙa'idar ita ce saitin baya ana matsar da shi inda ake so harsashi ya koma, na gaba kuma akasin haka. Tun da na baya ya ƙure, sai ƙwayar gaba ta ƙara tsawo. Nawa? Ba mu yi canke ba. Na auna tsakanin huda da ƙwaya, santimita 58, a da kuwa tsakanin tsaga da ƙwaya 42 ne. Kuskuren milimita 140, a ninka da 580, a raba da 50,000, wato mita 50 a milimita. Ya ba da milimita 1.6. Muka nemi wadda ta fi tsohuwar da milimita 2, don a sami sararin ɗaga hudar kaɗan. Saura harsashi 23.

Sabuwar ƙwayar fara ce, ta iso a Nuwamba. Mai gyara ya buga tsohuwar ta fita da ɗan sandan tagulla don kada ya ji wa ƙarfe, ya shigar da sabuwar, ya cire murfin da ke yi mata inuwa. Harbi 3 a mita 50, aka ɗan ɗaga huda aka matsa dama. Wasu 3: santimita 7 tsakaninsu, santimita 2 sama da tsakiya, inda muke so. Sai 3 a mita 100: santimita 15, a kewayen tsakiya. Da agogon waya, daga ɗagawa zuwa "na gani", daƙiƙa 2. Kuncinsa yana kan katako. Saura 14.

Hudar tana da ɗan faifai mai zare da ake kwancewa. Da shi a ciki ramin ƙarami ne, ya fi kyau da rana. Idan an cire shi sai ramin ya koma kusan milimita 5, haske ya fi shiga. Baffa yakan cire shi da asuba ya sa a aljihun gaba.

Janairu 2024 zuwa yau

A mako na biyu na Janairu, wajen ƙarfe bakwai saura, mazo ya tsaya a gefen kunya. Harbi ɗaya, bayan kafaɗa. Bai yi taku goma ba. Baffa ya isa ya yanka. Na auna daga baya, mita 46. Sau biyu a wannan rani ya ɗaga bindiga ya sauke bai harba ba: sau ɗaya don duhu bai gama washewa ba, ƙwayar ba ta fito sosai a jikin dabbar ba, sau ɗaya don nisan ya yi masa kamar ya wuce mita 80. Bayan daminar 2024 muka gwada da harbi 2, saitin yana nan inda aka bar shi. Abin da yake buƙata shi ne a goge shi da ɗan mai, don iskar Legas ba ta barin ƙarfe ya huta da tsatsa.

Me ya yi aiki, kuma don me

Ciwon tun farko ɗaya ne: idonsa ya daina ganin tsagar baya. Dabbar ba ta yi masa nisa ba, kuma bai taɓa kasa ganin ta ba. Madubi mai ninki 9 maganin nisa ne, nisan da babu shi a wannan daji, kuma wanda harsashin .30-30 ma ba a yi shi dominsa ba. Da mun ɗauki tef mun je asibiti a Janairu, da harsasai 24 da watanni biyar ba su tafi ba. Ni ma ina cikin waɗanda suka ce a sa madubi, kuma abin yana damuna har yanzu.

Saitin huda ya cire abu ɗaya daga cikin ukun da ido ke fama da su. Ido da kansa yake neman tsakiyar zagaye inda haske ya fi yawa, ba sai an umarce shi ba. Ƙaramar huda kuma tana ƙara zurfin gani, kamar yadda mai raunin ido ke ƙanƙance ido ya karanta rubutu, don haka ƙwaya da dabba suka fito tare. Ƙarin tazara daga santimita 42 zuwa 58 ya rage girman kuskure: karkacewar milimita ɗaya da a da take zama kusan santimita 12 a mita 50, yanzu ba ta kai 9 ba. Sannan bindigar ta koma yadda aka sassaƙa ta, kunci a ƙota, hannu a tsakiya.

Ban ɗora wa madubi laifin da ba nasa ba. Taro mafi ƙanƙanta da muka samu, santimita 6, da shi aka yi. Zamansa a gefe ma ba shi ne babbar matsala ba, santimita 3 ba ta hana a sami mazo. Gumin ciki da kwancewa laifin arha ne. Neman hoto da ɗaga kai kuwa daga rashin dacewarsa da wannan ƙira ne. Wanda ke da Marlin 336 ko Winchester ta bayan 1982, ya sami madubi nagari mai ƙaramin ninki, daga 1 zuwa 4, ya zaunar da shi ƙasa-ƙasa a tsakiya, ya ƙara wa hama, wato ƙarfen baya da ake ja da babban yatsa, ɗan kunne a gefe don yatsa ya same ta, zai iya samun abin da ya fi na Baffa, musamman a duhun asuba inda saitin huda yake gazawa.

Wannan gazawar tana nan, kuma idon zai ci gaba da tsufa. Likita ta ce ya dawo duk shekara. Mun yi magana da mai gyara cewa ranar da farar ƙwayar ta fara rabuwa biyu, madubin gaba mai ninki 2 za a nema. Harsasai 11 suka rage, an ware 6 don saita shi.